Ƙafar 'Yar Fari

Mu uku ne muka ɗauki binciken, a shekarun da muke neman ƙwarewa a fannin lafiyar yara a wani asibiti a Azare. Tambayar da muka sa a gaba gajeriya ce. Yaran da tamowa ta kwantar, muka yi jinyarsu suka tashi, muka sallame su, me ke faruwa da su bayan sun koma gida? Suna rayuwa, ko kuwa mutuwar kawai muke matsar musu da ita zuwa inda idonmu ba ya kaiwa? Babban likitan da ke koyar da mu ne ya jefo mana ita wata safiya muna zagayen gadaje, ya ce duk mai son ya gama a hannunsa sai ya kawo masa amsa.

Ni ce mai baki a cikinmu, ban kuma taɓa musun haka ba. Nas-nas ɗin sashen yara sun san takuna tun daga baranda, kafin in shigo kowa ya gyara tsayuwa. Na biyunmu ɗan Katagum ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi nazari kafin ya amsa. Yana jin Fillanci kamar yadda yake jin Hausa, don mahaifiyarsa Bafulatana ce. Ta ukun muna ce mata 'yar kudu don tsokana, ita kuwa ta ce a bayan kasuwar Azare aka binne cibiyarta, iyayenta suna sayar da kayan mota a garin tun kafin a haife ni, kuma in zagi ne da Hausa ta fi ni iyawa. Gaskiya ta faɗa. Ita ce mai kwamfuta da lissafi.

Babban likita ya raba mana aiki, ya kuma kafa doka. Ni ce mai jinya a ɗakin kwanciya. Ɗan Katagum ne mai awo idan aka dawo da yaro bayan sallama: ya ɗora shi a sikeli, ya auna damtsensa, ya danna ƙafarsa ya ga ko akwai kumburi. 'Yar kudu ta zuba abin da aka samu a kwamfuta. Dokar ita ce, wadda ta yi jinyar yaro ba za ta auna shi ba.

"Wadda ta ɗura wa yaro madara da hannunta," in ji shi, "ranar awo idonta zai ƙara masa nauyi. Ke musamman," ya nuna ni da biro, "kada in ga ƙafarki a ɗakin awo."

Kowane yaro an ba shi lamba a kati, uwar ta riƙe katin. Babu suna a kwamfuta. Hotunan da muke ɗauka ranar kwanciya, bayan iyaye sun yarda, na ƙafa ne da damtse kawai, ban da fuska, don a rufa wa mutane asiri. Mun ji daɗin tsarin nan ƙwarai, muna ganin aikinmu ya yi kama da na manya. Har yau ban ce dalilin babban likita ba shi da kyau ba.

Damina ta kankama lokacin da aka kawo yarinyar. Lokacin ne rumbu yake wofi, hatsi yana gona bai nuna ba, sashenmu kuwa ya cika har ana haɗa yara biyu a gado. Daga wata ruga aka zo da ita, can gaba da Gamawa. Ba ta cika shekara biyu ba. Ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, fatar cinyoyinta tana saɓulewa, gashinta ya yi ja ya yi laushi, in ka shafa sai ya biyo hannu. Ba ta kuka. Yaran da ke tsala ihu ba sa ba ni tsoro, masu shirun nan su ne ke hana ni cin abinci. Da na ɗaga ƙafarta ta hagu zan danna, sai na ga tabon ƙuna a bayan ƙafar, faɗinsa kamar na kwabo. Kakarta ta ce garwashi ne ya faɗo mata lokacin da take koyon tsayuwa kusa da murhu.

Kakar nan, ta wajen uba, ita ke amsa kowace tambaya. Yaushe aka yaye ta? Kaka ce ta amsa. Me take ci? Kaka. Tun yaushe take gudawa? Kaka. Uwar kuwa tana zaune a bakin gado ta ba mu gefe, doguwa, siririya, ta ƙura wa bango ido kamar an kawo ta jinyar 'yar maƙwabta. Raina ya ɓaci.

"Baiwar Allah, ke nake tambaya. Ba 'yarki ba ce?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Kakar ta taɓa hannuna.

"'Yar fari ce, Likita. Yi haƙuri."

Na san al'adar, ba sai an fassara mini ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai. Ni kaina 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa furta sunana na ji ba. Ina ƙarama "ke" nake, ko "waccan", ranar da na gama karatu kuwa ta samu abin kira, ta koma ce mini Likita, har yau. Amma sanin abu bai hana ni jin haushinsa, ballantana yarinya na kwance tsakanin rai da mutuwa uwarta na kallon bango. Na yi tsaki na wuce gado na gaba.

Bayan 'yan kwanaki na ga abin da ya sa na rage baki. Kakar ta fita alwalar azahar, ni kuma ina bayan labule ina duba wani yaro. Sai na hango uwar ta waiga hagu da dama, ta zura hannu ƙarƙashin zanen da aka lulluɓe yarinyar, ta kamo ƙafar hagun ta riƙe a tafinta, tana shafa tabon da babban yatsa a hankali. Fuskarta na kallon bango kamar kullum. Da ta ji takun tsohuwar sai ta janye hannu ta gyara ɗankwali. Daga ranar na lura kullum haka take yi.

Mun sha wahala a kan yarinyar nan. Ta ƙi karɓar madara da baki, sai da muka zura mata roba ta hanci. Jikinta ya riƙa yin sanyi, muna naɗe ta a jikin kakarta. Akwai ranar da na tsaya a kanta ina jiran numfashi na gaba, na jira har na fara haɗa kalmomin da zan faɗa wa tsohuwar, sannan ƙirjin ya ɗaga. A hankali kumburin ya fara saɓewa. Ta fara bin mutane da ido. Wata rana 'yar kudu ta shigo da makullanta a hannu suna kaɗawa, yarinyar ta miƙa hannu ta yi murmushi, 'yar kudu ta fita baranda ta share hawaye ta dawo tana cewa hayaƙin janareta ne ya shiga idonta. Daga nan ta fara cin ƙullin gyaɗar nan da muke bayarwa a leda, tana dangwala da yatsa tana shafe fuska da shi.

Ranar sallama na tsaya gaban uwar na ce ta ɗago kai.

"Ki dube ni, ƙanwata. Kin ga yadda muka yi da yarinyar nan. Ranar da aka rubuta a katin nan ki dawo mini da ita. Ba na son jin ruwa, ba na son jin mota, ba na son jin biki. Kin ji?"

Ɗan Katagum ya ƙara mata bayani da Fillanci, da tattausar muryarsa, kamar yadda yake yi wa kowace uwa. Ya ce duk yaron da ba a dawo da shi ba ya bar rami a aikinmu, aikin kuwa don yaran da za su zo nan gaba ne. Ta saurara har ya gama. Sannan ta dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Na ɗauki alkawari, Likita."

Ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinta duk zamanta a asibiti.

Da yawa ba su dawo ba. A kira waya a ji ta a kashe, ko wani ya ɗauka ya ce shi mai cajin waya ne a kasuwa, bai san kowa ba. Duk ranar awo 'yar kudu tana fitowa da fuska a murtuke. Amma ranar dawowar wannan yarinya, 'yar kudu ta same ni a ɗakin kwanciya, ta raɗa mini a kunne, alhali doka ta hana.

"'Yarki ta zo. Ta ƙara nauyi, babu kumburi."

Na yi hamdala a fili har wata nas ta waigo. Dawowa ta biyu ma haka, nauyin ya ƙara hawa. A kwamfuta kowane yaro yana da layinsa, wasu a kwance, wasu suna gangarawa, nata kuwa yana hawa tiryan-tiryan. Da muka gabatar da somin aikinmu a taron sashe, layinta muka haska a bango, babban likita ya gyaɗa kai, abin da ba kasafai yake yi ba. Na shiga kasuwa na sayi 'yan takalman roba jajaye, na ajiye a aljihun teburina, na ce ranar da aka gama bincike doka ta faɗi zan sa mata da hannuna. A watannin nan yara sun mutu a hannuna da yawa. Duk ranar da na rufe wa wani ido, sai in tuna akwai ɗaya a bayan Gamawa tana tafiya da ƙafarta, in samu ƙarfin shiga gado na gaba.

Ranar dawowa ta uku ɗan Katagum ba ya gari. Ya je gida duba mahaifinsa, aka yi ruwa mai yawa ya cinye hanya, ya bugo waya ya ce motoci sun tsaya. Mata kuwa sun cika benci tun da safe, wasu tun asuba suka baro ƙauyukansu. Babban likita ya dube ni, ya ce, "Yau kaɗai. Ki rubuta abin da sikeli ya faɗa." Na shiga ɗakin awo ina jin daɗi kamar an ba ni goron sallah.

Tun daga ƙofa na hango ta a benci da goyo. Na ɗaga mata hannu, ta sunkuyar da kai. Duk lokacin da layi ya zo kanta sai ta matsa ta ce wa ta bayanta ta shiga. Na ɗauka kunya ce. Sai da bencin ya zama babu kowa, rana ta take, sannan ta shigo ta miƙo kati ta kwance goyon.

Yarinya ce ɓul-ɓul, gashi baƙi, tana ganina ta callara ihu.

"Iye," na ce, "yau kuma mu ne abin tsoro? Kin manta wadda ta ɗura miki madara?"

Ban yi mamakin rashin gane fuskar ba. Yaron da ka sani a kumbure, in ya warke wani mutum yake komawa. Na ɗora ta a sikeli, na auna damtse, na rubuta. Na kama ƙafar dama na danna, babu komai. Na kama ta hagu, babban yatsana ya tafi wurin tabon da kansa. Fata sumul. Na juya ƙafar, na koma ta dama ko na manta ɓangare ne, na sake dawowa. Tabon ƙuna irin wannan ba ya ɓacewa a wata uku, ba ya ɓacewa a shekara talatin. Na ce wa nas ɗin da ke taya ni ta je ta ci abinci, na tura ƙofa.

"Ƙanwata, wannan 'yar wa ce?"

Ta ɗauki yarinyar ta rungume tana jijjiga ta.

"Ta faccalata ce."

"Waccan fa? Tana gida?"

"Ta koma."

Na zauna a kan kujera. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba su daɗe da komawa ba, ko ledojin gyaɗar ba ta cinye ba. Gudawa ce da amai suka taso mata lokaci guda. Mijin ya yi nisa da shanu. Fadamar da ke tsakaninsu da titi ta cika, suka ce bari ruwa ya ɗan ja. Da suka ga abin ya ƙi, wani maƙwabci ya ɗaura amalanke. Ba su kai titi ba. Ta faɗi wannan duka da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, idonta a kan sikeli.

"To dawowar farko? Da ta biyu?"

"Wannan ce."

"Don me?"

"Kin ce in dawo. Dogon likitan ya ce in yaro bai dawo ba aikinku ya lalace. Kun wahala da mu, ba ku gaji ba. Na ce wa Inna, uwar mijina, na ɗauki alkawari, ta ce in ari wannan, kusan sa'o'i ne."

"Me ya hana ki zo ki faɗa masa gaskiya? Abin da muke nema ke nan. Shi ne aikin gaba ɗaya."

Ta ɗago kai.

"Da wane baki, Likita? Tana da rai ban kira sunanta ba. Sai yanzu in zauna gaban namiji in ce 'yata ta mutu?"

Ta gyara wa yarinyar riga, sannan ta ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Kuma hanyar Azare da nisa in babu kowa a bayanka."

Faɗa ya taso mini, na duba ɗakin babu wanda zan yi wa. Na yi mata ta'aziyya da kalmomin da kowa ke yi, suka fito a bushe. Ta amsa, ta goya 'yar faccalarta, ta tambaye ni ko ta sake dawowa. Na ce a'a, ta cika alkawarinta. Ta bar katin a kan tebur ta fita.

Da la'asar na je gidanmu maimakon masaukin likitoci. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Likita, yau da wuri?"

Na zauna a tabarma na ba ta labarin, ina yi ina faɗa, ina cewa wace irin al'ada ce wannan da za ta ɗaure wa mace baki har a kan gawar 'yarta. Ba ta katse ni ba, hannunta bai kuma daina tsinta ba. Da na gama ta ce Allah ya ba ta haƙuri. Can kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, lokacin da ƙyanda ta kama ni ina ƙarama, a ɗakin kakata aka kwantar da ni, ita ba ta da damar zama a ciki. Sai ta riƙa zagayawa bayan ɗakin da tsintsiya kamar shara take yi, ta jingina kunne da bango ta ji ko ina numfashi. Ta tashi ta kai shinkafar madafa, ba mu sake tayar da maganar ba.

Da hanya ta buɗe ɗan Katagum ya dawo, muka kulle kanmu mu uku a ƙaramin ɗakin da muke ajiye kayan bincike. Na faɗa musu. 'Yar kudu ta buɗe kwamfuta ta kalli layin nan mai hawa, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambayar da nake gudu.

"To sauran fa?"

Duk yaron da aka dawo da shi, wanda ya auna shi bai taɓa ganinsa ba, wadda ta san shi kuma an hana ta shiga. Kati kawai muke bi. Na juya kan ɗan Katagum, don dai in samu inda zan sauke abin da ke cina. Na ce shi da yake jin yarensu, sau biyu mace ta zauna gabansa da 'yar wani bai ga komai ba?

"Na tambaye ta ya mai jiki," in ji shi. "Ta sunkuyar da kai. Na ce 'yar fari ce, kada in takura mata. Haka uwata take yi." Sannan ya ce, "Ke kin taɓa nuna mini ƙafarta?"

Ban taɓa ba. Hoton yana cikin wayar bincike tun ranar kwanciya, shi kuma doka ta hana shi duba hotunan kwanciya kafin awo. Muka zauna kowa na kallon wani wuri daban. Daga baya 'yar kudu ta goge layin da hannunta, ta sa alamar mutuwa a wurin, ta rufe kwamfutar da ƙarfi har na ji tsoron ta fasa.

Babban likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce in ruwa ya ɗauke mu bi yaran gida-gida, ni ce kuma zan shiga gaba tunda ni na san su. Haka muka yi da lokacin kaka ya zo. Mun shiga ƙauyukan Shira, mun shiga na Bulkachuwa, muna tambayar masu unguwanni, muna sallama a ƙofar zaure. Mun samu yara da rai, wasu har da gudu suka tarye mu, kuma ba zan rage wa wannan farin cikin komai ba. Mun samu gidajen da muna ambaton yaro sai a shimfiɗa mana tabarma a kawo ruwa, a yi shiru, mu gane. Yawancin waɗanda ba a dawo da su ba, ba mantuwa ce ta hana ba. A cikin waɗanda aka dawo da su ma mun sake samun aro. Wata ta ce mini kai tsaye don ledojin gyaɗar ta yi, tana da wasu yaran a gida, ban kuma ga laifinta ba. Amsar da muka kai wa babban likita ba ita muka so kaiwa ba, amma ita ce ta gaskiya. Tun daga lokacin, ranar awo mai jinya tana tsayawa a bakin ƙofa ta gaisa da kowace uwa, ta dubi kowane yaro, sannan ta koma ɗakinta.

Rugar bayan Gamawa ita ce ta ƙarshe. Ba mu da abin aunawa a can, ni ce na nace. Mun bar mota a titi muka taka, fadamar da ta hana su wucewa ta bushe har ta tsattsage, faɗinta 'yar gajeriyar tafiya ce. Kakar ta gane ni, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta kawo nono a ƙwarya. Ɗan Katagum ya zauna da maza a gindin bishiya. Uwar ta zo ta durƙusa ta gaishe ni daga nesa, ta koma wajen dakanta kamar ba ta san ni ba. 'Yar aron tana wasa a ƙasa, ta ganni ta ruga bayan uwarta ta gaskiya.

Da muka tashi tafiya sai ta ajiye taɓarya ta ɗauki tulu, ta ce za ta rafi, hanyarmu ɗaya. Muka jera. Sai da karan dawa ya kare mu daga rugar, maza kuma suka yi gaba, sannan ta tsaya ta sauke tulun.

"Likita, ranar da muka zo kun ɗauke ta a waya."

"Mun ɗauka."

"Yana nan?"

Wayar binciken tana jakata. Na san abin da ke ciki, na kuma san abin da take zato. A rugar nan babu wanda ya taɓa ɗaukar yarinyar hoto. Na nemo lambarta na buɗe, na miƙa mata. Ƙafafu biyu ne a kumbure a kan farin zanen gado, da ramin da yatsana ya bari a ɗaya, da tabon a bayan ta hagu.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kalla, ta karkata wayar kamar sauran jikin yana ɓoye a gefe.

"Fuskar fa?"

"Ba mu ɗauka ba, ƙanwata. Ba ma ɗaukar fuska."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin dalili, na ji kunyar dalilin, na rufe. Ta gyaɗa kai.

"Ba komai. Ƙafar ma tata ce."

Ta tsuguna a gefen hanya, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon tana shafawa a hankali, yadda take yi a ƙarƙashin zane. Wannan karon ba bango take kallo ba. Ɗan Katagum ya waigo daga nesa, na yi masa hannu ya ci gaba. Can hasken wayar ya ɗauke, ta miƙo mini in sake kunna mata.